Mai gida, ɗan haya da hukuma: shari'ar birnin Los Anjalis

  

Hirarmu ta yau bisa gidan haya take. Ga tambayar da za mu bi. Mutum ya gina gida da guminshi, ya zuba ƴan haya. Wani ɗan haya ya fasa taga, ya toshe makewayi, ya ɓalle ƙofa. Ma'aikacin hukuma ya zo duba gida, ya ga ɓarna, ya rubuta takarda. Sunan wa za shi sa bisa takardar? Wa za shi biya gyara? Kuma kuɗin zuwan ma'aikacin, daga aljihun wa za su fito?

Kada ku yi saurin amsawa. Akwai wani birni inda anka kai maganar kuɗin nan gaban alƙalai har hawa uku, kuma alƙalan kansu ba su yi baki ɗaya ba. Labarin wanga birni za mu ba ku.

Sunan birnin Los Anjalis. Shina cikin jihar Kalifoniya, yammacin ƙasar Amurka, bakin teku. Ƙidayar da anka yi cikin shekara ta 2020 ta samu mutum kusan miliyan 4 cikinshi, kuma fiye da rabin iyalan birnin haya suke yi. Gidajen hayarsu ba irin namu ba ne, mai tsakar gida da ɗakuna kewaye. Yawanci benaye ne, an raba kowane gini sashe-sashe, kowane sashe da ɗakunanshi da madafa da makewayi, iyali guda a ciki. Ku riƙe kalmar nan, sashe, don da ita ake lissafin kuɗin da anka yi rigima a kansu.

Kafin shekara ta 1998, mai duba gidaje ba shi zuwa gidan haya sai in wani ya kai ƙara. To, wa ke kai ƙara? Talakan da ke tsoron a kore shi ba shi kaiwa. Baƙon da bai iya Turanci ba, ko wanda takardunshi na zama ba su cika ba, shi ma shiru za shi yi, ko da rufi na yoyo bisa kan ɗiyanshi. Ke nan gidan da ya fi lalacewa shi ne hukuma ta fi rashin jin labarinshi. Cikin 1997 wani komite na ƴan gari ya bi unguwanni, ya kai rahoto bisa ruɓaɓɓun gidajen haya. Ga watan Yuli na 1998 majalisar birni ta fid da sabuwar doka. Dokar ta ce daga yanzu ba a jiran ƙara. Duk ginin haya mai sashe biyu ko fiye, ma'aikaci za shi zo shi duba shi lokaci-lokaci, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Da farko an yi niyyar a kewayo kowane gida sau ɗaya cikin shekara 3, daga baya anka maida shi shekara 4.

Ma'aikata ba su aiki sai da albashi. Sai dokar ta aza ma kowane mai gida dala 12 a shekara bisa kowane sashe. A nan ku yi hattara, ba dalarmu ta sefa biyar ba ce, dalar Amurka ce. A wancan lokaci dala 12 sun yi wajen jika 7 na kuɗinmu. Ga mutumen da ke karɓar haya kowane wata, wannan ba wani abu ba ne. Amma birnin na da sashen haya fiye da 700,000. In kun buga lissafi za ku ga abin ya wuce dala miliyan 8 kowace shekara. Sai ƙungiyar masu gidajen haya ta kai hukumar birni kotu.

Mi sunka riƙe hujja? Sai mun koma baya kaɗan. Mutanen Kalifoniya suna da wata al'ada: in sun tara sa hannun mutane da yawa, suna iya kawo doka da kansu a jefa mata ƙuri'a, ba sai ta bi ta majalisa ba. Cikin 1978 sun yi haka, sunka ɗaure hannun hukuma: lampon gida da fili ba shi wuce kashi 1 cikin 100 na darajar gidan. Da hukumomin garuruwa sunka ga an rufe musu wagga ƙofa, sai sunka shiga karɓar kuɗi da wasu sunaye, kuɗin kaza, kuɗin aikin kaza. Ga watan Nuwamba na 1996 jama'a sunka sake jefa ƙuri'a bisa wata doka mai lamba 218. Ita ta ce duk kuɗin da hukuma za ta aza ma mutum saboda ya mallaki gida ko fili, sai an aika mishi takarda, an yi zaman sauraro, kuma in ba kuɗin ruwa ko na magudanar ƙazanta ko na kwasar shara ba ne, sai an jefa ƙuri'a an yarda.

Hukumar Los Anjalis ba ta yi wagga ƙuri'a ba. Masu gidaje sunka ce: wa ke biyan dala 12? Mai gida. Don mi yake biya? Don gidan nashi ne. Ashe lampon gida ne anka sake ma suna, kuma an karɓe shi ba bisa ƙa'ida ba.

Kotun farko ta kori ƙarar. Masu gidaje sunka ɗaukaka, kotu ta biyu ta ba su gaskiya. Hukuma ita ma ta ɗaukaka zuwa kotun ƙoli ta jihar, mai alƙalai 7. Ga watan Janairu na 2001 anka yanke: alƙalai 5 sun ba hukuma gaskiya, 2 sun ƙi. Wanda ya rubuta hukuncin wani tsohon alƙali ne, Stanley Mosk, da ke zaune kotun tun 1964. Watanni kaɗan bayan haka ya rasu.

Ku saurari dalilinshi da kyau, don nan ne gindin maganar. Alƙalin ya ce a duba wa ke biya, wa ba shi biya. Mutumen da ke zaune cikin gidanshi shi da iyalinshi, ba a karɓar komi gare shi. Mutumen da ke da gini ya bar sana'ar haya, ba a karɓar komi gare shi. Sai wanda ke ba da haya. Ranar da ya daina ba da haya kuɗin sun faɗi, ko da gidan na nan hannunshi. Ashe ba mallaka ake biya ma ba, sana'a ce. Mai gidan haya ɗan kasuwa ne, hajarshi wurin kwana.

In kuna son misali na kusa, ku tuna abin da muke kira patanti. Mai shago cikin kasuwar Maradi ko kasuwar Dole ta Zinder shina biya don shina ciniki. In ya rufe shago ya koma gona, ba a bin shi. Alƙalai 5 sun ce dala 12 ɗin nan danginsu ɗaya da patanti, ba da lampon gida ba. Saboda haka ba su bukatar ƙuri'a.

Alƙalai biyun da sunka ƙi, wata mace ce mai suna Janice Brown ta rubuta ra'ayinsu. Abin da take nufi shi ne, jama'a sun yi dokar 1996 ne don su hana hukuma wasa da sunaye, ga shi kotu ta buɗe mata hanyar sake yin wasan. Ni dai ba ni raina maganarta. Wanda ya taɓa tsayawa gaban biro ana ƙirga mishi kuɗin tambari da kuɗin takarda da kuɗin wani abu da bai taɓa ji ba, ya san abin da take tsoro. Amma bisa wagga shari'a, ina ganin masu rinjaye sun fi kama hanya. Mai saida nama ana duba namanshi, kuma ba ya cewa a bari sai an yi ƙuri'a. Ɗakin da ƴaƴan mutane ke kwana ciki bai kasa nama ba.

To, an gama da dala 12. Amma in kun zauna da ƙananan masu gidaje na birnin, ba dala 12 ce ta fi ci musu rai ba. Abin da ke biyo bayan zuwan ma'aikaci ne.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana aiko ma mai gida takarda wajen kwana 30 kafin ranar dubawa. Ma'aikaci shi zo, shi shiga sashe-sashe. Shina duba rufi, da wayoyin lantarki, da famfo, da ruwan zafi, da matakala, da tagogi, da alamar kusu ko kyankyaso, da wata ƴar na'ura da ake liƙawa bisa rufin ɗaki, mai kuwa in ta ji hayaƙi. Abin da ya gani ya lalace, shi rubuta. Yawanci ana ba da kwana 30 a gyara. Sa'an nan shi komo shi duba. Zuwa na fari da na biyu suna cikin kuɗin shekara. In ya komo ya tarar ba a gyara ba, zuwan da za shi ƙara yi, mai gida ke biya dabam.

Mu ɗauki misali, ba da sunan kowa ba. Wata tsohuwa ta yi aiki shekara da shekaru, ta sayi gini mai sashe 4, da hayarshi take ci. Sashe uku lafiya lau. Na huɗu, ɗan hayar ya cire na'urar hayaƙi don tana damunshi in shina girki. Ya yi faɗa ya huda bango. Gilashin taga ya fashe. Kwanoni sun yi kwana da kwanaki ba wanki, kyankyaso ya cika madafa. Ma'aikaci ya rubuta duka. Takarda ta fito da sunan tsohuwa. Ta ce: "Malam, ba ni na yi ba, ka ga ai da idonka." Ma'aikaci bai musa mata ba, amma bai soke takarda ba. Ta kira magini da mai gilashi, ta biya. Kafin ranar komowa ɗan haya ya sake cire na'urar. Ko kuwa ranar ta zo ya ƙi buɗe ƙofa. Ga kuɗin zuwa na uku sun hau kanta.

Za ku ce, ita da gidanta, mi ya hana ta sa makulli ta shiga? Doka ta hana. A Kalifoniya, in ba wuta ta kama ko ruwa ya ɓalle ba, mai gida ba shi shiga sashen da ya ba da haya sai ya ba da sanarwa a rubuce, yawanci awa 24 kafin lokaci. Shi kanshi ma'aikacin hukuma ba shi kutsawa. Cikin 1963 wani ɗan haya a birnin San Faransisko ya hana mai duba gidaje shiga har sau uku, anka kama shi. Magana ta kai kotun ƙoli ta ƙasar Amurka duka, cikin 1967 ta ce mutumen na da gaskiya: in mazaunin ɗaki ya ƙi, sai ma'aikaci ya je ya samo takardar izini daga alƙali. Wannan kariya ce babba ga talaka. Amma kun ga yadda take barin tsohuwarmu tsakiya, hukuma na jiranta gaba, ƙofa na rufe baya.

In gyara ya ci gaba da ja, akwai sandan da ya fi wannan nauyi. Tun ƙarshen shekarun 1980 birnin na da wani tsari: gidan da mai shi ya ƙi gyarawa, ana rage ma ƴan hayarshi kuɗin haya daga kashi 10 har zuwa kashi 50 cikin 100, gwargwadon munin lalacewar. Abin da ya rage kuma suna iya zuba shi cikin asusun hukuma maimakon hannun mai gida. Daga asusun ake fid da kuɗin gyara in an nema, kuma hukuma na cire dala 50 kowane wata bisa kowane sashe, ladan riƙon asusu. Kafin a kai ga haka ana kiran mai gida zaman sauraro, shi kawo hujjarshi. Wasu masu gidaje sun kai wanga tsari kotun tarayya, sunka ce zalunci ne. Cikin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce tsarin na bisa hanya, don kare lafiyar mazauna aikin hukuma ne.

Mi ya sa hukuma ke kama mai gida, alhali tana iya ganin ba shi ya yi ɓarnar ba? Ku yi tunani. Wayar lantarki da ke tsirara ba ta tambayar wa ya feɗe ta. In ta kama wuta, sashe huɗu za su ci, har da na mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kyankyaso ba shi tsayawa ɗakin da anka haife shi. Hukuma na son wanda za ta iske gobe da jibi, mai adireshi, mai ikon kiran magini. Ɗan haya na iya ɗaure kayanshi da dare. Gini ba shi tashi. In ma'aikaci ya tsaya shari'ar wa ya fasa taga cikin kowane ɗaki, ba shi gama unguwa ɗaya cikin shekara.

Wannan ba shi nufin ɗan haya ya sha. Magana biyu ce, kuma kuskuren da yawancin masu gidaje ke yi shi ne gama su wuri ɗaya. Ta fari tsakanin mai gida da hukuma: a gyara. Ta biyu tsakanin mai gida da ɗan haya: wa za shi ɗauki asara. Dokar jihar ta faɗi abin da ke wuyan ɗan haya: shi tsabtace wurinshi, shi zubar da shara inda ya kamata, shi yi aiki da famfo da wuta da gas yadda ya dace, kada shi ɓata gini ko shi bar baƙonshi shi ɓata. Abin da ya lalace saboda sakacinshi, shi ke biya. Mai gida na iya ba shi takardar kwana 3, ko shi gyara hali ko shi tashi, in ya ƙi a tafi kotu. Akwai kuma ƙaramar kotu inda mutum ke tsayawa da kanshi ba lauya. Tun 2024 ana iya neman har dala 12,500 can.

Sai kuɗin ajiya, waɗanda ɗan haya ke bayarwa ranar shiga. Daga cikinsu mai gida ke cire kuɗin ɓarna ranar fita. Amma an kewaye su da sharuɗɗa. Tun watan Yuli na 2024, ga yawancin gidaje ba a karɓar fiye da hayar wata ɗaya. In ɗan haya ya fita, mai gida na da kwana 21 shi maida kuɗin, ko shi aika takarda mai bayyana abin da ya cire ɗaya bayan ɗaya. In abin ya wuce dala 125, sai da resi na magini ko na kanti. In alƙali ya gane an riƙe kuɗin da mugun nufi, shina iya ci ma mai gida tara har ninki biyu na ajiyar. Kuma ba kowace lalacewa ake cirewa ba. Fenti da ya koɗe don shekaru, ƙofa da ta saki don yawan buɗewa, wannan tsufa ne, na mai gida ne. Rami cikin bango, wannan ɓarna ce.

To ƙaƙa alƙali za shi rarrabe tsufa da ɓarna, shi da bai taɓa shiga ɗakin ba? Nan ne tsohuwarmu ke ci ko ta faɗi. Nauyin kawo hujja bisa kanta yake. In ta ce taga lafiya take ranar shiga, ɗan haya ya ce a fashe ya iske ta, baki da baki ne, kuma ba ta da tabbacin ci. In kuwa ta fid da takardar da sunka cika tare ranar shiga, ɗaki-ɗaki, taga lafiya, famfo lafiya, na'urar hayaƙi na aiki, ga sa hannunta ga nashi ga kwanan wata, magana ta ƙare. Haka ranar da ɗan haya ya hana buɗe ƙofa: in tana da kwafin sanarwar da ta ba shi, tana da abin nunawa wurin zaman sauraro. In da baki ta gaya mishi, ba ta da komi. Saboda yawan wagga gardama, jihar ta ƙara doka. Daga watan Afrilu na 2025, mai gidan da ke son cire wani abu daga ajiya sai ya ɗauki hoton ɗakin bayan fitar ɗan haya, kafin gyara da bayan gyara. Daga watan Yuli na shekarar, sai ya ɗauki hoto tun ranar shiga.

Wani za shi ce hayar wata ɗaya ba ta isa gyara ɗakin da anka ragargaza ba, kuma ɗan hayar da ba shi da komi, ko ka ci shi a kotu takarda kawai ka samu. Gaskiya ne. Doka ba ta toshe wannan rami ba, kuma ƙaramin mai gida ya fi jin zafinshi bisa kamfanin da ke da sashe dubu, wanda asarar ɗaki ɗaya ba ta hana shi barci.

Saura abu ɗaya game da dala 12. Tun farko dokar birni ta yarda mai gida shi ƙara dala 1 kowane wata bisa kuɗin haya don shi maida abin da ya biya. Watau kuɗin da anka yi shekara biyu da rabi ana shari'a a kansu, daga aljihun ƴan haya suke iya fitowa. Da shekaru sunka tafi kuɗin sunka hau. Sun kai dala 43.32 a shekara, mai gida na da ikon aza su duka bisa ɗan haya. Cikin 2022 anka maida su dala 67.94, wajen jika 40 na kuɗinmu, anka kuma ce a raba biyu: rabi mai gida, rabi ɗan haya, dala 2.83 kowane wata, kuma sai an ba ɗan haya sanarwa a rubuce kafin a fara karɓa.

Nan za mu dakata yau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.